Masu Farautar Gidan Wanda Ya Matsu

Kwana uku ke nan ɗan yayata ba ya ɗaga wayata, kuma na san dalili. Da abin da ya haɗa mu sirrin gida ne, da ban kawo shi nan ba. Amma abu ne da nake gani ana tallata wa matasanmu a Facebook da TikTok, don haka bari in baje shi a faifai. Na san shi ma zai karanta. Ba zan kama sunansa ba.

Yaron nan ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana zaga gari da takardu a ambulan. Bara sai Allah Ya kawo masa aiki ta intanet. Daga bayan la'asar har wajen ƙarfe biyun dare yana ɗaki da kwamfuta, yana kiran mutane a Amurka, ana biyansa da dala. Mun yi murna, har da ni. Ya gyara wa mahaifiyarsa rufin ɗaki, ya sa mata sola. Wa zai ƙi?

Ranar Juma'a na je gidan, na ce ya nuna min aikin nan da ake ta yabo. Ya buɗe min wani dogon jerin sunaye. Kowane suna da adireshi da lambar waya, a gefe kuma an rubuta larurar mutum. Wannan ya kasa biyan harajin gida. Wannan banki ya aiko masa da takardar gargaɗi. Waɗannan aurensu ya mutu, suna kotu. Wannan mahaifinta ya rasu, maganar gidan tana gaban kotun gado. A can da yawan irin waɗannan bayanai a buɗe suke a kotuna da ofisoshin hukuma, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tattara su sayar. Aikin yaron shi ne ya kira, ya kwantar da murya, ya gano wanda wuya ta fi kai wa wuya, ya miƙa shi ga ubangidansa.

Na ce, to shi ubangidan naka attajiri ne mai sayen gidaje? Ya yi dariya. Ya ce, "Kawu, ai daɗin abin ke nan, ba sai kana da kuɗi ba. Dabara ce kawai." Ya ce yana tara kuɗin wani kwas da zai koya masa tsarin gaba ɗaya, ya fara nasa, har ma ya gwada shi a nan gida.

A nan muka ɓata.

Bari in yi muku bayanin dabarar, don masu tallar kwas ɗin hoton mota da agogo suke nuna muku, ba sa nuna muku mai gidan.

DABARA TA FARKO: sayar da takardar ciniki. A ƙaddara wata dattijuwa tana da gidan da zai yi dala 200,000 a kasuwa, banki kuma ya sa ranar gwanjo saboda bashi. Sai mai dabara ya zo ya ce zai saya da tsabar kuɗi, dala 120,000, cikin mako biyu, ba gyara ba fenti. Ya ba da kafin alƙalami na jeka-na-yi-ka, wani lokaci dala 100, ta sa hannu. Shi ba shi da dala 120,000, kuma bai taɓa niyyar saye ba. Takardar zai ɗauka ya shiga neman mai kuɗin gaske, ya sayar masa da ita a kan 140,000, ya soke 20,000 a aljihu. Gidan da bai mallaka ba ko na minti ɗaya.

In bai samu mai saye ba fa? Ai tun farko ya bar wa kansa ƙofar gudu a cikin takardar: wai sai gidan ya ci jarrabawar masu dubawa, ko wai sai abokin kasuwancinsa ya amince. Sai ya zame. Dattijuwa ta yi asarar makonnin da za ta nemi mai saye na gaskiya, ga ranar gwanjo ta ƙarato. In kuma ita ce ta farga ta ce ta fasa, sai ya kai takardar sanarwa ofishin rajistar filaye, ya ɗaure gidan yadda ba wanda zai iya saye har sai ta sallame shi. Shi yana da ƙofar fita, ita an kulle ta ta waje. Wannan ita ce dabarar.

TA BIYU ta fi wannan hatsari. Mai gida ya miƙa takardar mallaka, amma bashin banki ya ci gaba da zama da sunansa. Mai dabara ya yi alkawarin zai riƙa biya duk wata. Kun san me ya sa wannan ta yi kasuwa yanzu? A 2020 da 2021 kuɗin ruwan bashin gida a Amurka ya faɗi ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, zuwa ƙarshen 2023 kuma ya haura kashi 7. Don haka tsohon bashi mai sauƙi ya zama nama, kowa na son ya ci da sunan wani. Mai dabara zai zuba 'yan haya ya riƙa karɓar kuɗi. Ranar da ya daina biyan banki, ba shi za a nema ba. Wanda sunansa ke kan bashin za a nema, mutumin da ba shi da gidan kuma. Sunansa ya ɓaci a wajen bankuna, wanda a can Amurka yana iya hana ka ko da gidan haya. Ƙari a kan haka, tun 1982 dokar tarayya ta ba bankuna damar neman kuɗinsu gaba ɗaya idan aka sauya mallakar gida ba da yardarsu ba, in ban da wasu 'yan yanayi kamar gado. Wa wannan takobin yake rataye a wuyansa? Ku ba kanku amsa.

TA UKU ita ce mai kama da ceto. "Sayar mana, ka ci gaba da zama a gidanka a matsayin ɗan haya, in ka farfaɗo ka fanshi abinka." Mutumin da ya kasa biyan banki, shi ne zai biya haya mai hawa duk shekara, kuma ya tara kuɗin fansar gida a farashin da ya ƙaru? Wani kamfani mai suna EasyKnock ya yi suna a wannan harka. Masu gidaje suka yi ta maka shi a kotu, hukumomin wasu jihohi suka sa shi gaba, a ƙarshen 2024 ya rufe.

TA HUƊU kuma a wajen sayarwa take, don wanda ya cuci mai sayarwa ba zai bar mai saye ba. A ba ka gida ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma takardar mallaka tana hannun mai sayarwa har sai ka biya kobon ƙarshe. Gyara naka, haraji naka. Ka yi tuntuɓe a hanya, a kore ka, duk abin da ka biya ya bi ruwa, a sake sayar wa wani. Wannan ba sabon abu ba ne. Da shi aka tatsi baƙaƙen fata a Shikago a shekarun 1950 da 1960, lokacin da bankuna suka ƙi ba su bashin gida, har a 1968 suka kafa ƙungiya suka yi yajin biya. Kuma kada wani ya ce wannan matsalar wasu ce can. A 2022 jaridun ProPublica da Sahan Journal sun bankaɗo yadda ake sayar wa Musulmi 'yan Somaliya gidaje da irin wannan tsari a jihar Minesota. Da me aka ja su? Da cewa babu riba a ciki. Mutane suna gudun haram, aka tare su da farashin da aka kumbura da kuma wani ƙaton biya na ƙarshe da ba za su iya ba. Sai da majalisar jihar ta gyara dokar a 2024. An yi amfani da tsoron Allah na mutum an yi masa tarko. Innalillahi.

Yanzu ku dubi huɗun nan da kyau. Abu ɗaya ne ya haɗa su. A kowace, an zauna an tsara takarda yadda riba za ta gangaro wajen wanda bai zuba komai ba, hatsari kuma ya tsaya a kan wanda ba shi da ƙarfin ɗauka. Fasahar ke nan gaba ɗaya. Ba a ƙara wa gidan bulo ɗaya ba. Abin da aka sarrafa shi ne rashin sanin mai gida da ƙarancin lokacinsa.

Na san abin da za a ce min, don yaron ya riga ya faɗa min duka.

Na ɗaya: "Ai da hannunsa ya sa hannu, ba wanda ya tilasta shi." Haba jama'a. Mutumin da ruwa ke ci, ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi. In yardar wanda ya matsu da ta wanda ke kwance a kan katifarsa ɗaya ce, me ya sa jerin sunayen nan bai ƙunshi masu kwanciyar hankali ba? Me ya sa sai mai takaba, da mai jinya, da tsoho, da wanda aurensa ya mutu? A 2023 ProPublica ta binciki HomeVestors, kamfanin da allunan tallarsa ke cewa suna sayen munanan gidaje, mai rassa sama da dubu a Amurka a lokacin. Binciken ya nuna ana horar da masu rassan su lalubo inda yake yi wa mai gida ciwo, ya kuma kawo labaran tsofaffi da masu larurar mantuwa da aka sa su sa hannu a farashin banza, da waɗanda aka kai kotu don sun ce sun fasa. Bayan rahoton ne kamfanin ya fito da damar kwana uku ta fasa ciniki. Wato kafin a tona, ko kwana ukun babu.

Na biyu: "Ba mu muka jefa shi a matsala ba, taimako muke yi." A nan zan yi adalci. Akwai mai gidan da gidansa ya lalace, ba shi da kuɗin gyara, yana son kuɗi a hannu cikin kwana goma. Wanda ya zo da kuɗinsa na gaske, ya ɗauki kasadar gyara, ya sayi gidan ƙasa da farashin kasuwa, bai yi laifi ba. Sauri yana da farashi, kowa ya san wannan. Ni ban ce kada a ci riba ba. Gwajina ɗaya ne kawai, kuma na yi wa yaron shi: za ka iya duban dattijuwar nan ka ce mata, "Mama, gidanki zai yi 200,000 in kin sa shi a kasuwa, ni 120,000 zan rubuta, ba ni da kuɗin, takardar zan sayar in ci 20,000, kuma in ban samu mai saye ba zan gudu"? In ta ji haka ta yarda, Allah Ya sa albarka. In kuwa cinikin zai mutu da zarar ta san gaskiya, to dama da jahilcinta yake numfashi. Ya ce min, "Kawu, ai in ka faɗi haka ba wanda zai sayar maka." Na ce, to ka amsa da bakinka.

Na uku: "Doka ta yarda." Wace dokar? Jihar Ilinoi tun 2019 ta ce wanda ya yi irin cinikin takardar nan fiye da sau ɗaya a shekara sai da lasisin dillanci. Birnin Filadalfiya ya kafa tasa dokar lasisi a 2020. Oklahoma ta bi a 2021, kuma a cikin sunan dokar kanta ta kira masu yin haka mafarauta. Masu abin suna ta toshe ƙofofi, mu kuma yanzu ne ake sayar mana da kwas ɗinsa da dala. Kuma ku tsaya ku yi tunani: in har wannan dabara tana zubo kuɗi kamar yadda suke faɗa, me ya kai su sayar da ita ga yaron da ke zaune a Kano? Mai kwas ɗin ma jerin sunaye gare shi. Matashi mai digiri ba aiki, shi ma wanda ya matsu ne. Kai ne dattijuwarsa.

To, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ya ce zai gwada a gida. Don mu nan ba mu buƙatar kwas. Mun iya tun tuni, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

Wa bai san dillalin da zai ce wa mai gida an taya miliyan 8, ya ce wa mai saye an sallama a 12, ya hana su haɗuwa har a gama, sannan ya dawo ya karɓi la'ada a hannu biyu ba? Wa bai san mai kuɗin da zai ba ka rance ya karɓe takardun gidanka, amma abin da za a rubuta a gaban shaidu sayarwa ce, wai in ka kawo kuɗin cikin wata shida a mayar maka? Wata shida da kwana ɗaya, gida ya tafi. Wa bai san wanda ke bin magada ɗaya bayan ɗaya ba, ya sayi kason mafi talauci a cikinsu a ɓoye, sannan ya tayar da rigimar sai an sayar da gidan duka? Mafi muni, ku tambayi mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari. An ɗauke wa mutum mata ko ɗa, an ba shi wa'adi, ya fito da gona ko gida. Ɓarayin daji na jira a waya, ɓarawon gari na jira a ƙofar gida da rabin farashi. Ɗaya da bindiga, ɗaya da alƙalami, kuma na biyun a sahun farko yake sallah.

Ni wannan ba labari aka ba ni ba. Lokacin da mahaifinmu ya kwanta jinya, kuɗin asibiti ya cinye komai, muka fito da gidanmu na gado. Dillalin maƙwabcinmu ne, har gaisuwar mara lafiya yake zuwa da lemo. Ya ce kasuwa ta mutu, ba a taya sai kaza. Muka sallama, don a ranar ko rabin haka aka ce za mu karɓa. Baba ya rasu bayan wata biyu. Kafin mu yi sadakar arba'in muka ji an sayar da gidan kusan ninki biyu, kuma mai sayen yana nan tun farko, an dai hana shi ganinmu ne. Yayata, uwar yaron nan, ita ta fi kowa kuka a lokacin. Shi yana firamare, bai san komai ba. Yau ga shi da abin magana a kunne yana neman 'ya'yan wani Baban a wata ƙasa.

Kuma addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Malaman fiƙihu sun yi babi-babi a kan cinikin wanda ya matsu, da kamunga a farashi, da sayar da abin da ba ka mallaka ba. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su san farashi. Ku duba hikimar: ba don an ƙwace kayan ba ne, ai da yardarsu suka sayar. Don an riga su ne kafin su sani. Fatawa ta malamai ce, amma ina roƙon limamanmu su taɓa wannan a huɗuba, kamar yadda suke taɓa caca da riba.

Ga wanda ya matsu zai sayar da gida, ko a nan ko a can, ga abin da na koya da tsada:

1. Kada ka sa hannu a ranar da aka kawo maka takarda. Duk wanda ya ce tayin yau ne kawai, ya san gobe za ka farga.

2. Ka nemi farashi a bakin mutum uku da ba su san juna ba, kuma kada ka gaya musu larurarka. Larurarka ita ce farashinka.

3. Ka dage sai ka ga mai saye ido da ido, a faɗi kuɗin a gabanka, a faɗi la'adar dillali a gaban kowa.

4. In rance ne, a rubuta rance. In jingina ce, a rubuta jingina. Kada ka yarda a rubuta sayarwa da alkawarin baki.

5. Kada ka saki takardar mallaka alhali bashi na kan sunanka. Kuɗin lauya na awa ɗaya bai kai asarar gida ba.

Mu kuma dangi da maƙwabta da masu hali, laifinmu ne babba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da za mu riƙa tara wa mai jinya da mai neman kuɗin fansa rance ba ruwa, ko mu saya a farashin gaskiya in sayarwar ta zama dole, da waɗannan mutane ba su samu kasuwa ba. Kuma dillalai na gari, na san kuna nan da yawa, ku ne ya kamata ku fara fitar da ɓata-garin cikinku, don sunanku suke ɓatawa.

Jiya Yaya ta kira ni. Ta ce, "Ka bar yaro ya nemi abincinsa. Kai ka samo masa wani aikin ne?" Wallahi maganar ta dake ni, don ban samo masa ba. Ban ce ya ajiye aiki gobe ya zauna ba, kuma na san ba shi ne ke cin dala 20,000 ɗin ba, ɗan abin da ake jefa masa bai taka kara ya karya ba a kan abin da ubangidansa ke kwasa. Sai na ce mata, "Yaya, kin tuna lemon da ake kawo wa Baba?" Ta yi shiru. Ta kashe wayar.

Ɗana, in ka karanto har nan, ga abin da nake roƙonka. Kuɗin kwas ɗin nan kada ka biya. Turancin da ka iya, da haƙurin magana da mutane, da iya kwamfuta, akwai masu sana'ar halal da ke neman irinsu, kuma zan taya ka nema, na yi alkawari a gaban jama'a. In kuma dillancin gidaje kake so, ka yi shi da fuska a buɗe: farashi a fili, la'ada a fili. Za ka ci kaɗan, amma za ka iya zuwa gaisuwar mutuwa a unguwa ba tare da an nuna ka da baki ba.

Ka ɗaga wayata.

Allah Ya rufa mana asiri, kada Ya kai mu ranar da za mu fito da gida don dole. In Ya kai wani ɗan'uwanmu, kada Ya sa mu ne masu jiran ranar.